Littafi Ɗaya, Yaran Shago Goma

Duk shagon sari da ya amsa sunansa a Kasuwar Kurmi yana da littafi. Dogon littafin nan mai baƙin bango, wanda gefen takardunsa ya yi jirwaye saboda maiƙon hannu, in ka buɗe shi ƙamshin citta da kanumfari ya bugi hancinka. A ciki ake rubuta shige da fice: buhun citta nawa aka sauke daga mota, wa ya ɗauki masoro kwano 20 bai biya ba, nawa aka ba 'yan dako, nawa aka zara na abincin rana. Ranar da ciniki ya tafi sumul ba mai waiwayarsa, sai dai a ɗora masa kofin shayi. Amma ranar da lissafi ya ƙi fita, ko wani baƙo daga Damagaram ya rantse ya ce shi fa ya biya tun kafin azumi, to ranar littafin ne shaida, shi ne alƙali. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15, kuma ba na shakkar tun lokacin ake rigimar wa ya karɓa, wa ya bayar.

Kwamfuta ma tana da irin wannan littafi, masu harkar suna ce masa log. Fayil ne na rubutu zalla, layi bisa layi, kowane layi da lokacinsa a gaba: ƙarfe kaza wane ya shiga, ƙarfe kaza an karɓi kuɗi, ƙarfe kaza an yi ƙoƙarin tura saƙo bai tafi ba. Shafin da ɗalibai ke biyan kuɗin makaranta, manhajar da ke bayan na'urar POS ta mai kanti a bakin Ƙofar Wambai, shafin da 'yan Kwari ke tallar shadda, duk akwai wata kwamfuta da ake kira sabar a wani wuri da ke cika irin wannan littafi dare da rana. Masu rubutun kuwa ba mutane ba ne. 'Yan ƙananan manhajoji ne da wani matashi ya rubuta da harshen PHP ko Python ko Perl, kowace da aikenta guda: wannan ta karɓi oda, waccan ta tura rasit, wata kuma sai ƙarfe 2 na dare take tashi ta kwafe bayanai ta adana. Su ne yaran shagon. Maigidan da ke zaune yana raba musu aiki kuwa shi ne Linux, ko wani ɗan uwansa daga zuriyar Unix, wadda aka fara a Amurka a 1969.

An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ban da a kan littafi. Sabar kan saki yaro ga kowane baƙo da ya shigo shafi, ga kuma waɗanda agogo ke tasarwa, sai ka tarar da su birjik, littafi kuwa ɗaya ne tilo. Abin da mutum bai cika lura da shi ba shi ne rubutu ba motsi ɗaya ba ne. Sai ka jawo littafi, ka buɗe, ka nemi inda aka tsaya, ka ɗora biro, sannan ka rubuta. Tsakanin kowane motsi da na gabansa akwai 'yar tazara, kuma ta nan ɓarna ke shiga. Babban yaro ya duba ya ga layi na 40 ne babu komai. Kafin ya ɗora biro, kwastoma ya ƙwala masa kira. Ƙaramin yaro ya zo, shi ma ya ga layi na 40, ya rubuta kimba buhu 3, bashi, ya yi gaba. Babba ya dawo. Da ɗan Adam ne, zai ga tawada ya sauka layi na 41. Manhaja kuwa makauniya ce, lambar da ta riƙe a ka ita take bi. Sai ta ɗora a 40, kuma a kwamfuta tawada ba ta hawa kan tawada a ga jagwalgwalo, ta ƙasan gogewa take yi ƙal kamar ba a taɓa rubutawa ba. Kimba ta tafi, sunan wanda ya ɗauka ma ya tafi. Kiran kwastoman nan kuma ba tsautsayi ba ne: Linux da kansa yake tsayar da yaro a tsakiyar aiki ya ba wani dama, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, ba ya tambayar ko ka kai aya.

Wani lokaci ba gogewa ake yi ba, cakuɗawa ake yi. Wannan ya rubuta rabin magana, wancan ya cusa tasa, na farko ya ƙarasa, sai ka karanta: an karɓi naira dubu 80 daga hannun ɓera ya huda buhun barkono a sito Alhajin Maraɗi. Mutum zai yi dariya ya warware abinsa. Sai dai yawanci ba mutum ke karanta log ba, wata manhajar ce ke bi layi-layi tana tattara jimilla, ita kuwa in ta ci karo da abin da ba ta gane ba, ko ta tsallake shiru ko ta tsaya cak. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne inda ake riƙe jimillar kanta. Yara biyu suka karanta 500 a tare. Wannan ya ƙara 20 ya rubuta 520, wancan ya ƙara 30 ya rubuta 530 a kai. Gaskiyar lissafi 550. Littafi tsaf, babu kankara, babu goge-goge, rubutu rangaɗau, amma ƙarya ce kwance a ciki, ba kuma alamar da za ta sa ka yi zargi.

Abin haushin, cutar ba ta nuna kanta a wajen gwaji. Matashin ya gwada a laftof ɗinsa a Gwammaja, shi kaɗai, yaro ɗaya da littafi ɗaya, komai lafiya lau. Sai jajibirin sallah, ko daren da za a rufe rajista, lokacin da kowa ya taso gaba ɗaya, layuka su ɓace. Kashegari ya sake gwadawa, lafiya lau. Har ya fara zargin mutanen ɓoye. To ya kwantar da hankalinsa, manya ma ta kayar da su. Ranar 14 ga Agusta, 2003, wuta ta ɗauke wa mutum wajen miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada, kuma cikin abubuwan da bincike ya gano har da irin wannan rige-rige a manhajar da ya kamata ta buga wa ma'aikatan wani kamfanin wuta na jihar Ohio ƙararrawa. Ta sandare shiru, suna zaune ba su san layuka na faɗuwa ba. Mu da ɗaukewar wuta ta zame mana 'yar gida sai dai mu ce musu sannu. Masana sun daɗe da sanin matsalar. Tun 1965 Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya wallafa yadda za a sa manhajoji da yawa su yi karɓa-karɓa a kan abu guda.

Maganin farko mai arha ne, kuma sau da yawa ya wadatar. Kada yaro ya nemi layi da kansa. Ya miƙa wa maigida rubutun kawai ya ce, "Alhaji, a sa a ƙarshe." Shi maigida neman ƙarshen da rubutawar a numfashi ɗaya yake yinsu, ba mai kutsawa tsakani. A Linux bambancin 'yar alama ce: kibiya biyu, >>, ita ce ƙara a ƙarshe; kibiya ɗaya, >, ita ce yage duk shafukan a fara daga fari. Kibiya ɗaya da aka manta ta sa mutane da yawa zaman makoki. A PHP da Python kuwa harafin a ne da harafin w wajen buɗe fayil. Sharaɗin dai shi ne a miƙa layin dunƙule guda. A nan kuma yaran suna da wata ɗabi'a: ba sa son zirga-zirga, sai su riƙa tara rubutu a aljihu, in aljihu ya cika, kamar harafi dubu 4 ko dubu 8, su juye gaba ɗaya. Aljihu kuwa bai san aya ba, inda ya cika nan yake yankewa, ko da a tsakiyar sunan mutum ne. Sai an ce wa yaron ya zazzage aljihu bayan kowane layi.

In rubutun ya wuce layi ɗaya, ko sai an karanta kafin a rubuta, to an zo wajen biro. Shagon da ya san abin da yake yi biro ɗaya yake ware wa littafi, a ɗaure shi da zare. Wanda ke riƙe da shi shi ne mai rubutu, sauran su tsaya, ko da kuwa babban yaya ne ke jiran auta. A Unix sunan wannan biro flock. Ya fito a 1983 cikin Unix ɗin da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fitar, kuma yau ana samunsa a Perl da PHP da Python, har ma a matsayin umarni mai zaman kansa a Linux. Riƙonsa iri biyu ne. Akwai na masu leƙe: mutum biyar za su iya sunkuyawa kan shafi tare, ba wanda ya cuci wani. Akwai na mai rubutu: shi kaɗai, ba ya farawa sai masu leƙe sun janye, su ma ba sa dawowa sai ya gama, don kada su karanta rabin magana su ruga su kai wa Alhaji.

Akwai kuma tartibi. Biro da farko, sannan duba inda aka tsaya, sannan rubutu, sannan zazzage aljihu, sannan a ajiye. Wanda ya fara duba layi kafin ya nemi biro, yana tsaye yana jira wasu sun rubuta, lambar da ke kansa ta tsufa. Wanda ya ajiye biro da saura a aljihu, bayan ya saki ne ragowar za ta zube a kan rubutun wani. Gwanin ɓarna kuwa shi ne wanda ya buɗe fayil da w sannan ya nemi biro: ya riga ya yage shafukan tas, sai kuma ya koma gefe ya tsaya jiran layinsa cikin ladabi. Da haka ne ƙidayar baƙi a shafukan intanet na shekarun 1990 kan wayi gari ta koma sifili.

Ga inda nake so a ɗan zauna. Mutane in sun ji an ce an kulle fayil, kwaɗo suke hangowa, irin ƙaton nan na ƙofar sito. Ba kwaɗo ba ne. Biron nan ba ya hana kowa komai. Littafi a buɗe yake a kan tebur, yaron da ya zo da nasa biron a aljihun gaba zai rubuta son ransa, Linux ba zai ce masa uffan ba. Tsakanin masu tambaya kawai flock yake aiki: wanda ya tambaya a ce masa jira, wanda bai tambaya ba ya wuce abinsa. Wato tarbiyya ce ke riƙe da littafin. Kuma yaron da ke karya ta yawanci ba ɗan iska ba ne, sabon zuwa ne. Manhaja ce da wani ya ƙara bayan shekara biyu, bayan wanda ya rubuta na farko ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a Abuja, ba wanda ya gaya wa na bayan cewa a gidan nan akwai biro. Ko kuma mai kula da sabar ɗin da kansa: ya buɗe fayil da hannu wai zai ɗan gyara layi ɗaya, ya yi minti 5 yana gyara, ya adana, kwafin da ke hannunsa ya danne duk abin da yara suka rubuta a tsakani. Yara tara masu ladabi, na goman kaɗai ya isa ya ɓata littafi. Shi ya sa nake ganin wautar a bar kowace manhaja ta rubuta nata salon karɓar biro. A rubuta shi sau ɗaya a wuri ɗaya, kowa ya bi ta nan, sabon yaro in ya zo ya tarar hanya ɗaya ce tak zuwa tebur.

Akwai ma shagon da biro biyu ne ba a sani ba. Ban da flock, Unix yana da wani tsarin kullen mai suna fcntl, kuma a Linux, a kan faifan da ke cikin na'ura, biyun ba sa ganin juna. Rabin yara na girmama shuɗin biro, rabi na girmama ja, kowa na ganin shi ne ɗan ƙwarai, littafi kuma na ta lalacewa. Windows ita kam kwaɗon take sawa. Duk wanda ya taɓa yunƙurin goge fayil ko canja masa suna aka ce masa wata manhaja na amfani da shi, ya ga kwaɗon da idonsa. Yana da ranarsa, amma in yaro ya yi barci da makulli a aljihu, ko matsar da littafin ba ka iyawa. Linux ma ya taɓa samun kullen dole irin wannan, ba a cika amfani da shi ba, aka cire shi a 2021.

Wasu kuma ba sa ɗaukar biron maigida, nasu suke ƙirƙira. Yaro zai ajiye wani fankon fayil a gefe a matsayin alama, tamkar ya cire hularsa ya kifa a kan littafi: akwai mai shi. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da azahar mai shago kan gitta benci a ƙofa ya tafi masallaci, ba kuma mai tsallakawa. Amma dubawa da kifawa motsi biyu ne, yara biyu za su iya dubawa tare su ga ba hula, su kifa tare. An gudu ba a tsira ba. Masu wayo sai su yi amfani da umarnin ƙirƙirar folda, mkdir, domin a nan Linux mutum ɗaya tak yake ba nasara, na biyun a ce masa an riga ka.

Babbar matsalar hula ita ce ranar da mai ita bai dawo ba. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, batirin inbata ya zuƙe, sabar ta mutu da yaro a tsakiyar layi. Da safe aka tayar da na'ura, hula na nan kife, don ita a kan faifai take zaune, ba ta san mai ita ya riga mu gidan gaskiya ba. Yara suka yi cirko-cirko. "Yaya, hular wa ce wannan?" "Oho, ni ma tun jiya na gan ta." Haka za a kwana uku ba a rubuta komai ba, ko aikin adana bayanan dare ya daina gudana, ba wanda ya farga sai ranar da aka nemi abin da aka adana. Wasu kan rubuta lambar yaron a cikin hular, don na baya ya duba ko yana raye. Da sauƙi, amma Linux yana sake raba lambobin nan, sai ka tarar wani baƙo can daban ne ke ɗauke da lambar, ka yi ta jiran wanda bai ma san da littafi ba. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya ba sallama, wannan ba abin da zai faru sau ɗaya a shekara ba ne. A nan flock ya yi wa hula fintinkau. Lissafin wa ke riƙe da biro a kan maigida yake, ba a kan faifai ba. Yaro ya mutu ko an kore shi, biro ya koma wurinsa nan take; na'ura ta mutu ta tashi, ba kowa riƙe da komai. Abu ɗaya za a kiyaye: in yaron ya tayar da wata manhajar ta taya shi aiki, takan gaji riƙon, kuma biro ba ya dawowa sai ita ma ta saki.

Sai batun jira. Ba kowane yaro ya kamata ya tsaya ba. Aikin da agogo ke tasarwa duk minti 5, ranar da kaya suka yi yawa ya ɗauki minti 7, in kowane sabon zuwa zai tsaya jira, kafin asuba sun taru sun cika shago. Irin wannan flock -n ake ba shi, wato in ka tarar ana ciki, juya ka dawo anjima. Wani kuma a ba shi -w da adadin daƙiƙoƙi, ya jira iya haka, in bai samu ba ya kai ƙara. Mai riƙon ma da nasa ladabin. Akwai yaron da zai karɓi biro, ya soke shi a kunne, sannan ya ce bari ya je sito a Jakara ya ƙirgo buhunan. A manhaja, shi ne wanda zai kulle fayil sannan ya tsaya tambayar banki ta intanet ko kuɗi sun shiga, intanet ɗinmu kuwa ka san halinta. Kafin amsa ta zo, layi ya kai bakin titi. Ka gama aikinka, ka tsara abin da za ka rubuta, sannan ka karɓi biro, ka rubuta, ka ajiye. In kuma littafi biyu ne, na bashi da na sito, sai a yi hattara da wani tarkon: babba na riƙe da biron bashi yana jiran na sito, ƙarami na riƙe da na sito yana jiran na bashi. Duk masu ladabi ne, ba mai fizgewa, haka za su tsaya suna kallon juna har a kira magariba. Doka ɗaya ke raba su, kowa ya fara da biron bashi kafin na sito, ko da na sito ya fi kusa da hannunsa.

Rigimar biro har duniyar Mars ta je. A watan Yulin 1997 na'urar Pathfinder ta hukumar NASA ta sauka can, bayan 'yan kwanaki kwamfutarta ta fara kashe kanta tana tashi. Ashe ƙaramin yaro ne, mai auna yanayi, yake karɓar biro. Kafin ya gama, wani matsakaicin yaro mai dogon aiki ya sha gabansa don ya fi shi matsayi. Babban yaro mai aikin gaggawa kuwa yana tsaye yana jiran biron da ke hannun ƙarami, shi ƙarami an hana shi motsi. Manhajar da ke gadin kwamfutar, wato mai gadi, ya ga babban bai yi aikinsa kan lokaci ba, ya ce lallai ba lafiya, ya kashe komai ya kunna. Injiniyoyi suka maimaita abin a tagwayen na'urar da ke wurinsu a ƙasa, suka gano, suka tura gyara ta rediyo: duk ƙaramin da ke riƙe da abin da babba ke jira, a ara masa girman babban har ya gama. 'Yan Kurmi ba sai an koya musu wannan ba. Yaron da Alhaji ya aika, ba mai tare shi a hanya ya sake aikensa.

Littafi kuma yana cika. A Linux akwai manhajar logrotate da ke zuwa lokaci-lokaci ta canja wa tsohon littafi suna, ta ajiye sabo da sunan na da. Sai dai yaran da suka riga suka buɗe ba suna suke riƙe da shi ba, littafin kansa suke riƙe. Za su ci gaba da rubutu a tsohon ko da an canja masa suna, kai, ko da an goge shi. Sai ka ga sabon littafi fari fat, faifai kuwa yana ta cika, ka duba ka rasa abin da ke cika shi. Dole a taɓa kowane yaro a ce masa saki wancan, ɗauki wannan. Akwai hanyar da ake kwafe littafin gefe sannan a share na kan tebur, yara ba su ma sani ba, amma duk abin da aka rubuta tsakanin kwafewa da sharewa ya bi ruwa. Saboda wannan sauyin ne gara a ɗaure biro a jikin tebur maimakon bangon littafi, wato a ware wani ɗan fayil daban wanda aikinsa kawai a riƙa kulle shi, kada a matsar da shi, kada a goge shi. Mai son tsafta da ya goge shi bayan ya gama ya jawo biro biyu: wani na riƙe da na tsohon da aka goge, wani ya ƙirƙiri sabo da suna iri ɗaya ya riƙe.

In kuwa Alhaji ya buɗe reshe a Singa, ga sito a Dawanau, aka ce duk a littafi ɗaya za a rubuta, to tsugune ba ta ƙare ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Sun Microsystems ya fito da tsarin NFS, wanda ke sa na'urori da yawa su ga faifai ɗaya ta waya. Amma kowace na'ura da nata maigidan, kuma "a sa a ƙarshe" ba ta da tabbas a nan, domin abin da wannan ya sani a matsayin ƙarshe ƙila wancan ya riga ya wuce shi. Ni dai ba na ba da shawarar. Kowane reshe ya riƙe littafinsa, a haɗa daga baya bisa lokaci, a kuma tabbatar agogunansu sun yi daidai.

Shagon da ya ƙasaita ba ya ma barin yara su taɓa littafi. Akawu yake ɗauka. Kowane yaro ya rubuta 'yar takarda ya miƙa ta taga ya koma bakin aikinsa, hannu ɗaya ne ke shigarwa, ba rige-rige, ba hula, ba biro a kunne. A Unix sunan akawun syslog, Eric Allman ne ya rubuta shi a shekarun 1980 don manhajarsa ta aika wasiƙu, Sendmail, daga baya kowa ya ɗauka. Masu harshen Python ma shawarar da suke bayarwa ke nan, in manhajoji da yawa za su rubuta log ɗaya, su tura wa mai karɓa guda. Akawu ma ba waliyyi ba ne: in takardu suka yi masa yawa, gwargwadon yadda aka saita shi, ko yara su yi layi a taga ko wasu takardun su faɗi ƙasa ba a shigar ba. Amma wuri ɗaya za ka sa wa ido maimakon goma. Ga mai manhajoji uku ko huɗu a sabar ɗaya, ƙara a ƙarshe da flock sun ishe shi. In sun fara yawa, akawu. In kuwa jimillar kuɗin mutane ce ake riƙewa, wannan ya wuce aikin fayil ɗin rubutu, a kai shi rumbun bayanai irin su SQLite ko PostgreSQL, waɗanda aka gina musamman don kada 550 ta koma 530.

Duk wadda aka zaɓa, gwajin ba shi da tsada, kuma bai kamata a jira jajibirin sallah ta yi maka shi ba. Ka saki yara 50 lokaci guda, kowa ya rubuta layi 1,000 mai ɗauke da lambarsa, ka ƙirga da umarnin wc -l. In ba ka ga 50,000 cif ba, akwai mai rubutu a kan ɗan uwansa. In adadi ya cika, ka bi ka duba ko akwai layin da ɓera ya shiga tsakiyarsa. Ka sake sakinsu, wannan karon ka kashe ɗaya yana riƙe da biro, ka gani ko sauran za su ci gaba ko za su tsaya kallon hula. Ka sake, ka canja littafi suna cikin rubutu. Sannan ka maimaita duka a kan ainihin sabar da za ta yi aikin, ba a laftof ɗinka ba, domin faifan da kamfanin da ka yi haya a wurinsa ya ba ka yana iya kasancewa a wata na'urar yake, ta waya kake ganinsa.